Yadda za ku nemo kuɗin tafiyar da ƙungiyar waƙa ta masu ciwon mantuwa, kuma kuɗin ya ɗore

Fara ƙungiyar waƙa ta masu ciwon mantuwa abu ne mai sauƙi, wata na bakwai ne ke da wuya. Ranar buɗewa kowa zai zo, a ɗauki hotuna, 'yan uwa su yi ta share hawaye saboda baba da ya kwana biyu bai haɗa magana ba ga shi yana bin waƙa baiti baiti har da buga ƙafa. Toh bayan wata shida ɗan tallafin da aka samu ya ƙare, mai ɗakin taro na tambayar kuɗin haya, wanda ke jan waƙar ya samu aikin da ake biyansa, sai kawai a rufe shiru kowa ya kama gabansa. Na taɓa ganin haka da idona, wata ƙungiya ta samu kuɗi mai kauri ta narkar da rabinsa a kayan kiɗa da lasifika, kafin shekara ta zagayo kayan suna kulle a sito, su kuma tsofaffin da suka saba duk ranar nan a shirya su a kawo su, haka suka koma zaman ɗaki. Abun ya tsaya min a rai sosai, don mai wannan ciwon sabo shi ne igiyar da yake riƙe da ita, in kun ba shi igiyar sannan kuka fizge wallahi kun cutar da shi. Shi ya sa duk abin da zan faɗa a nan kan abu ɗaya yake, kuɗin da zai sa a buɗe ƙofar nan duk mako ba fashi.

Mataki na farko: ku san abin da za ku faɗa, kuma kar ku ƙara gishiri

Kafin ku nemi ko sisi a wurin kowa sai kun iya bayyana matsalar a taƙaice. Ciwon mantuwa, wanda wasu ke kira gigin tsufa, ba tsufa ba ne kawai, ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da shi, sama da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma duk shekara ana samun sabbi kusan miliyan 10. Nau'in Alzheimer shi ne kashi 60 zuwa 70 na masu ciwon. Akwai wani lissafin da nake so ku riƙe don yana taɓa zuciyar masu ba da tallafi: a 2019 ciwon ya ci wa duniya dala tiriliyan 1.3, kuma kusan rabin wannan nauyin 'yan uwa ne da ke jinya a gida suka ɗauke shi, kashi 70 na awannin jinyar kuma mata ne ke yi. Kenan ƙungiyarku mutum biyu take yi wa aiki a kujera ɗaya, mai ciwon da mai jinyarsa, kar ku manta ku rubuta haka.

Me ya sa waƙa? A 2015 wani bincike da aka buga a mujallar Brain ya nuna sassan ƙwaƙwalwar da ke riƙe waƙoƙin da mutum ya daɗe da sani suna cikin waɗanda Alzheimer ba ya saurin lalatawa. A Finlan kuma a 2014 an bi masu ciwon 89 tare da masu kula da su, aka yi mako 10 ana waƙa ko sauraren kiɗa, aka ga yanayin ransu ya gyaru, su ma masu jinyar da ke rukunin waƙa sun samu sauƙin rai. Amma fa ga inda mutane ke zamewa. Bitar da Cochrane, ƙungiyar masana da ke tattara binciken lafiya tana tace shi, ta yi a 2018 kan gwaje gwaje 22 ta nuna zaman kiɗa aƙalla sau biyar yana rage alamun baƙin ciki da damuwa, amma ba ta ga wani tasiri na a zo a gani ba wajen dawo da tunani. Don haka in kuka rubuta a takardar nema cewa waƙa na warkar da mantuwa ko tana tsayar da ita, wanda ya san harkar zai ajiye takardarku gefe. Ku faɗi abin da kuke iya tsayawa a kai: mutane na fita daga ɗaki, ransu na yin sanyi, mai jinya na samun ɗan lokaci da ba ita kaɗai ba ce.

Haka nan akwai bambanci tsakanin ƙwararren da ya karanci jinya da kiɗa har yana da rajista, da mawaƙin da ke jan ƙungiya ta al'umma. Dukkansu suna da amfani, amma in naku na biyun ne kar ku kira shi da sunan na farko.

Mataki na biyu: ku zama ƙungiyar da za a iya miƙa wa kuɗi

Da wuya gidauniya ta tura kuɗi akawun ɗin mutum ɗaya, ko da kowa ya shaide shi da amana. Kuna buƙatar kwamiti ko da na mutum uku ne, shugaba da sakatare da ma'aji, da ɗan kundin tsari shafi biyu ko uku da ya faɗi manufarku da yadda ake yanke shawara da inda ragowar kuɗi zai tafi in an rushe, sai akawun a banki da sunan ƙungiyar wanda mutum biyu ke sa hannu, kuma su biyun kar su zama mata da miji ko 'yan gida ɗaya. Dokar rajista ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ku tambaya a inda kuke. In abin ya muku nauyi akwai gajeriyar hanya, ku shiga ƙarƙashin inuwar wata ƙungiya mai rajista, ta tsofaffi ko ta masu ciwon Alzheimer, ta riƙe muku kuɗin tana fitarwa da rasit. Ku dai rubuta yarjejeniya, ku kuma tambaya tun farko ko za ta cire wani kaso na ɗawainiya.

Sai takardar kare masu rauni. Wannan kam kusan duk mai ba da tallafi na gaske sai ya tambaye ta: wa ke tantance 'yan sa kai, me za a yi in wani ya faɗi ko ya fice daga ɗakin ba a lura ba, wa ake kai wa ƙara in an ga alamar ana cutar da wani a gida.

Mataki na uku: kasafin shekara guda, ba na ranar buki ba

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan ɗan daɗe. Ku ɗauki biro ku fara da tambaya ɗaya, zama ɗaya nawa yake ci mana? Sannan ku ninka da yawan zaman shekara, a ce 40, tunda akwai hutu da rashin lafiya.

Abu na farko a layi shi ne kuɗin mai jan waƙa, kuma ni dai ra'ayina a biya shi. Na san za a ce ai aikin lada ne, eh aikin lada ne, amma aikin ba ƙarami ba ne, mutum ne da zai iya sauke murya ƙasa don tsofaffi su iya bi, ya rage gudu, ya maimaita amshi sau biyar ba tare da ya ƙosa ba, ya lura cewa wata waƙa ta sa wani kuka sai ya juya akalar ba tare da ya kunyata shi ba. Kuma ba awa ɗayan zaman kaɗai za ku biya ba, akwai lokacin shiri da lokacin zama da iyalai yana tambayar waƙoƙin da mutum ya taso da su. Wannan binciken yana da muhimmanci, don abin da mutum ya ji tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa shi ya fi zama daram a kansa, kan wannan tunanin ma ƙungiyar Playlist for Life, mai taimakawa a haɗa wa masu ciwon jerin waƙoƙin da suka taso da su, da Sally Magnusson ta kafa a Sikotlan a 2013 take aiki. Ku kuma sa kuɗin wanda zai maye gurbinsa ranar da ba shi da lafiya, in ba haka ba mura ɗaya ta rufe muku mako biyu.

Na biyu ɗakin taro. Ba kowane ɗaki ba, ɗaki ne da ba matakala, banɗaki na kusa kuma a fili ake ganinsa, akwai haske, ba ya amsa kuwwa da yawa saboda da yawansu ji ya ragu wasu na sanye da na'urar ji, kuma ɗaki ɗaya rana ɗaya lokaci ɗaya duk mako. Gara ku biya haya ku samu tabbas da a ba ku kyauta amma duk sanda mai ɗakin ya samu wani taron a ɗaga ku. Lokacin ma ku duba, da yawan masu ciwon ruɗewarsu na ƙaruwa in yamma ta yi, don haka hantsi ko farkon azahar ya fi, kuma sau da yawa a lokacin ɗakunan taro babu kowa, kun ga ƙofar neman ragi kenan.

Na uku, kuma shi aka fi mantawa, kuɗin mota. Wanda ya fi kowa buƙatar ƙungiyar nan shi ne wanda ba shi da mai kawo shi, tsohuwar da ke jinyar mijinta ita ma ƙafa ta ƙi, in ba ku sa kuɗin ɗauko su a kasafi ba toh masu hali kaɗai za ku tara. A wasu ƙungiyoyin wannan layin har ya fi na haya girma, kar ku ji kunyar rubuta shi.

Sauran kuma ƙanana ne amma in suka taru suna cizo: ɗan abin taɓawa bayan waƙa, wanda a gaskiya lokacin ne masu jinya ke samun hira da juna, fotokofin waƙoƙi da manyan haruffa, inshora in dokar wurinku ta buƙata, lasisin haƙƙin mallaka tunda a ƙasashe da yawa buga baitocin waƙar wani ko rera ta a bainar jama'a sai da izini, horar da 'yan sa kai kan ciwon da taimakon gaggawa, katin waya na wanda ke kiran iyalai ana gobe zama. Kayan kiɗa kuwa ku sassauta, 'yan ƙananan ganguna da abin kaɗawa da hannu sun isa, murya ce jarin. A ƙarshe ku ɗora kamar kashi 10 cikin ɗari na ko ta kwana.

In kun haɗa jimla sai ku yi wani lissafin da ke burge masu tallafi. A ce masu ciwon 15, masu jinya 15, zama 40, kun ga an halarta sau 1,200 kenan a shekara. Ku raba jimlar kuɗin da 1,200, abin da ya fito shi ne abin da mutum ɗaya ke ci a zama ɗaya, kuma yawanci za ku ga ɗan ƙaramin abu ne da ba ya ba kowa tsoro. Kuma duk abin da aka ba ku kyauta, ɗaki ne ko awannin 'yan sa kai ko motar wani, ku ƙiyasta kuɗinsa ku rubuta a gefe, don yana nuna ba hannu rabbana kuka zo ba.

Mataki na huɗu: ku raba ƙafa wajen nema

Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma kar ku dogara da rijiya ɗaya. Ni nakan so a samu aƙalla hanya uku, ta yadda in ɗaya ta kafe ba a rufe ba.

Ku fara da na kusa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Akwatin gudummawa a bakin ƙofa, wanda ya ga dama ya saka wanda bai da shi ya wuce ba wanda ya sani. Kar ku mai da shi kuɗin shiga, gidan da ke jinyar mai mantuwa galibi wani ya bar aikinsa saboda jinyar. Sai 'ya'ya da jikoki da ke nesa, waɗanda ba sa iya zuwa amma abin na damunsu, ku roƙe su ɗan abu duk wata ta banki. Mutum 20 masu bayar da kaɗan duk wata sun fi min mutum ɗaya mai bayar da da yawa sau ɗaya, saboda kuɗinsu ba shi da sharaɗi, kuna iya biyan haya ko mota da shi. Wannan bambancin ku riƙe shi da kyau: tallafin gidauniya yawanci ɗaure yake, in an ba ku don kayan kiɗa ba ku da ikon karkatar da shi zuwa mota sai kun nemi izini a rubuce.

Sai 'yan kasuwa da kamfanonin da ke kusa da ku. Su kar ku je musu da "a taimaka mana", ku je da abu guda mai suna, ku ɗauki nauyin zama huɗu, ko kuɗin motar wata uku. Mutum ya fi sakin hannu in ya san ainihin abin da kuɗinsa ya saya. Kulob kulob na taimakon al'umma irin su Rotary da Lions su ma sukan ba da irin wannan ƙaramin tallafin.

Sai gidauniyoyi da hukumomi. Ku duba ta ƙofa uku, ta lafiya, ta tsofaffi da masu jinya, da ta al'adu da fasaha, tunda aikinku ya shiga dukkansu, sai dai kowace ƙofa da irin harshen da take ji. A Birtaniya alal misali harkar ta yi nisa, ƙungiyar Alzheimer's Society ta daɗe tana gudanar da shirin Singing for the Brain, a 2023 kuma aka buɗe asusun Power of Music Fund don ba ƙananan ƙungiyoyin waƙa na masu mantuwa tallafi, ga kuma tsarin Gift Aid da ke ƙara fam 25 kan kowane fam 100 da mai biyan haraji ya bayar. A Amurka akwai Giving Voice, ƙungiyar waƙa ta masu mantuwa da ta fara a Minesota a 2014. A inda babu irin waɗannan, ku nemi ƙungiyar Alzheimer ta ƙasarku, da yawansu suna ƙarƙashin Alzheimer's Disease International da aka kafa a 1984, ko ba su ba ku kuɗi ba za su iya ba ku horo da wasiƙar shaida, ita ma wasiƙar kuɗi ce.

Neman taimako ta intanet, GoFundMe ko Facebook ko guruf na WhatsApp, yana aiki in an sa masa iyaka, adadi kaza cikin mako huɗu don abu kaza. Watan Satumba ya fi dacewa, watan wayar da kai ne kan ciwon a duniya, ranar 21 ga wata kuma ita ce ranar Alzheimer. Amma don Allah a kula da mutuncin mutane. Bidiyon tsoho yana kuka yana waƙa yana jawo kuɗi, na sani, sai dai mutumin nan wataƙila bai gane me ake nufi da sa shi a intanet ba, da yana da cikakken hankalinsa ƙila ba zai yarda ba. A nemi yardarsa gwargwadon fahimtarsa, a nemi ta iyalinsa a rubuce, in akwai ko ɗan shakku a bari. Kuna iya ɗaukar hannaye na tafi, ko murya kawai.

Mataki na biyar: cike fom ɗin

Ku karanta sharuɗɗan sau biyu kafin ku rubuta kalma ɗaya, in akwai lambar waya ko imel ku tuntuɓe su ku tambaya ko irin aikinku suke tallafawa, minti biyar zai iya cece ku daga wahalar mako guda. Ku amsa tambayar da aka yi, ba wadda kuke so a yi ba. Ku rubuta da sauƙi kamar kuna yi wa maƙwabci bayani: su waye, su nawa, a ina, wace rana, wa ke jan waƙar, me zai canja. Ku nuna cewa masu ciwon da masu jinyarsu da bakinsu suka ce suna so, shi ya sa yana da kyau ku yi zaman gwaji uku ko huɗu da aljihunku kafin nema, sai ku shigo da abin da suka faɗa. Kar ku zana su a matsayin abin tausayi, mawaƙa ne a ƙungiyarku. Lissafin fom ya yi daidai da na kasafi har zuwa sisin ƙarshe. Kuma kusan kowane fom na da tambayar nan, in tallafinmu ya ƙare ya za ku yi? A nan ne masu bayarwa duk wata da kuka tara za su fitar da ku kunya. In an hana ku kar ku karaya, ku tambayi dalili, ku gyara, ku tura wani wurin.

Mataki na shida: bayan kuɗin ya shigo

Littafi biyu za ku buɗe tun ranar farko, na kuɗi da na zuwa. Kowane rasit a ɗauke shi hoto a ranar. Ƙarshen kowane zama wani ɗan sa kai ya rubuta layi biyu uku, su nawa suka zo, me aka lura, wance da ba ta magana yau ta ja amshi, wane ya yi barci da kyau daren da ya biyo baya in ji matarsa, ba tare da cikakken suna ba. Duk wata uku ku tambayi masu jinya tambayoyi uku gajeru iri ɗaya. Waɗannan 'yan bayanan su ne rahotonku, su ne kuma takardar nemanku ta gaba.

Ku gaya wa mai tallafi tun farko cewa yawan mutane zai riƙa hawa da sauka, don ciwo ne mai ci gaba, wasu jikinsu zai ƙi, wasu za su rasu. In adadi ya ragu ku faɗi gaskiya a rahoto. Kuma ku bar wa wadda mijinta ya rasu kujerarta, sau da yawa irinsu ne ke zama 'yan sa kai mafi riƙon amana daga baya.

Ku gayyaci wanda ya ba ku kuɗi ya zo zama ɗaya, ku miƙa masa takardar waƙa ya zauna cikin da'irar kamar kowa. Sannan ku buɗe kalanda ku ƙirga wata huɗu baya daga ranar da tallafin zai ƙare, ku yi wa ranar alama, ranar ce za ku tura takardar nema ta gaba, saboda gidauniyoyi da yawa sai sun ɗauki wata biyu ko uku kafin su ba da amsa. Duk kuɗin da ba shi da sharaɗi kuma ku riƙa cire ɗan wani abu kuna ajiyewa har ya kai abin da zai riƙe ku wata uku. In duk da haka kuka ga aljihu na ƙasa, ku koma zama duk mako biyu a rana ɗaya da ɗaki ɗaya, ku sanar da iyalai tun da wuri, har kuɗin gaba ya iso.